Giɓin Haƙorina

Akwai giɓi a haƙorina na gaba,
ɗan kaɗan ne, ba ya hana ni cin tsire.
In an tambaya nakan ce tsakuwa ce cikin wake.
Ƙarya nake. Nomau ne.

Mu uku muke a Bagalam lokacin:
ni, da Shitu mai kunne kamar faifai,
da Nomau, autan Tsahara.
Benci guda a lakwal,
alli guda a karya shi uku,
bulalar mushe ma raba ta muke.

Tsiya dai mun shuka ta.
Mun sa kwaɗo a jakar Shitu,
ya zura hannu neman allo, allon ya yi tsalle.
Mun ɗaure alabe wofi da zare a hanyar tasha,
wani dattijo ya duƙa sau uku
kafin ya gane alaben na da ƙafa.
Ni kuma barci ya sace ni a dandali,
na tashi da gashin baki na baƙin tukunya,
har kasuwa ina gai da mutane
ana amsa mini da haƙora.

Sai wata Laraba, babu lakwal da marece,
Shitu ya ce: mu ɓoye akuyar.
Jar akuyar Tsahara, irin ta garinmu, ga ciki,
wadda Nomau ke kai wa dusa
tun bai wanke fuska ba.
Muka ja ta kangon bayan injin niƙa,
muka toshe bakinta da harawa.
Ni na je na ce masa:
an ga wani ya yi gulbi da ita.

Na zaci zai zaga unguwa ya dawo.

Ya bi gulbi ba takalmi,
yashi na gasa masa tafin ƙafa.
Ya tambayi masu buga tubali,
ya tambayi masu ban ruwan albasa,
har ya hango itatuwan Tibiri.
Aka kira magariba.
Dariyar da muka tanada tun azahar
ta yi tsami a baki kamar furar jiya.

Ya tarar da ita a turke tana tuƙa.
Bai zage mu ba. Da ma ya zaga.
Igiyar kawai ya duba:
ƙullin ba na uwarsa ba ne,
nawa ne.
Shi ya koya mini shi.

Kwana goma sha ɗaya.
Benci ya yi mana yawa,
alli ya koma kashi biyu, ya ƙi daɗin rubutu.
Na aika masa goruba,
ta dawo ko gatsa ba a yi ba.

Ran na sha biyu sai ga shi da ƙullin leda:
inna ta soya ƙuli-ƙuli.
Jajaye, suna maiƙo, har yaji an barbaɗa.
Shitu sarkin wayo ya tsaya shinshinawa.
Ni da zumuɗin an yafe mini
na kai baki na gartsa da ƙarfina.

Yumɓun gulbi ne.
An gasa a murhu, an shafe da man gyaɗa.
Kwana uku yana gininsa.

Na tofar da jini da wani ɗan farin abu.
Nomau na birgima a ƙasa, har da hawaye,
sai ya ga jinin ya miƙe:
kai, wa ya ce ka gartsa haka!
Na buɗe baki in zage shi,
iska ta bi giɓin ta yi fito,
shi ke nan, mu uku muka zube.

Yau yana jan tirela zuwa Kwatano,
sai salla muke ganin ƙeyarsa.
Bara wani likita a babban asibiti
ya leƙa bakina ya ce:
wannan minti goma ne, mu cike shi.
Na kai harshe na taɓa wurin.
Na ce masa, bar shi,
ajiyar wani ce.